Ƙwallon Da Ta Faɗo Tsakiya, Ta Wace Ce?



Na san da kin ga kan wannan rubutu za ki ce, to me ya haɗa matar aure a Birnin Gwari da wasan ƙwallon tanis? Ki yi min haƙuri ki bi ni zuwa ƙarshe. Ni ma ban taɓa riƙe abin buga ƙwallon nan ba, kuma ba na jin zan riƙe. Ɗiyata ce da ke karatu a Kaduna ta zo hutu, wata rana bayan isha'i ta miƙo min waya ta ce, "Umma, kalli wannan." Mata huɗu ne a fili, biyu a nan biyu a can, ga raga a tsakaninsu. Shigarsu dai ba tamu ba ce, kuma ba ita na zo tallata miki ba. Wani abu daban ne ya tsayar min da ido.

Ɗaya daga cikinsu ta samu ƙwallo mai sauƙi, irin wadda ko yaro zai iya mayarwa, amma ta kwaɗa ta cikin raga. Na zuba ido in ga yadda abokiyar wasanta za ta harare ta. Sai na ga ta tako wurinta, sun tafa, ta kare baki da hannu ta raɗa mata magana. Na ce wa ɗiyata, "Faɗa take mata a ɓoye ko?" Ta yi dariya ta ce, "A'a Umma, shawara suke yi a kan ƙwallon da za a buga yanzu. Ko sun ci ko an ci su, sai sun tafa."

A daren nan na daɗe ban yi barci ba, saboda abin ya tuna min da wata tambaya da ta daɗe tana damuna: idan mutum biyu suka ɗauki aiki ɗaya, sai aikin ya lalace a tsakaninsu, wa ke da laifi? Kuma me ya kamata wadda ba ita ta yi kuskuren ba ta yi?

Yadda Wasan Yake

Bari in ɗan bayyana miki wasan a taƙaice, don ki gane inda na dosa. Ana buga tanis iri biyu, ko dai mutum ɗaya da ɗaya, ko kuma bibbiyu. Tsawon filin ƙafa 78 ne. Faɗinsa ƙafa 27 ne idan ɗaya da ɗaya ne, amma idan bibbiyu ne sai ya koma ƙafa 36. Manyan gasanninsa huɗu ne a shekara: ta Ostireliya, da ta Faransa, da ta Wimbledon a birnin Landan, sai ta Amurka. A nan gida ma ana yi, domin gasar Dala da ake bugawa a Kano ta haura shekara talatin, kuma maza da mata ne ke shiga.

A wasan bibbiyu babu canji. Idan kun shiga ku biyu, to ku biyun ne har a tashi, in ɗaya ta ji ciwo ta kasa, ku duka kun fita. Allon maki kuma bai san sunan wadda ta zubar da ƙwallo ba, a kanku duka yake rubutawa. Kofi ɗaya ne, kuɗin ladan ma na ku biyu ne.

Sai abu mafi muhimmanci. Ragar nan da ke tsakanin ɓangarorin biyu, tsayinta a gefe ƙafa uku da rabi ne, amma a tsakiya ƙafa uku ce. Wato ta tsakiya ƙwallo ta fi saurin tsallakowa. Masu koyar da wasan kuwa sun daɗe suna gaya wa ɗalibansu cewa in sun rasa inda za su buga, su buga tsakanin abokan karawar nan biyu. Dalili shi ne, ƙwallon da ta zo ta dama an san mai ita, wadda ta zo ta hagu ma an san mai ita. Wadda ta zo tsakiya ce wannan za ta ce ta waccan ce, waccan ta ce ta wannan ce, sai ta wuce su suna kallon juna.

Tsakiyar Gidajenmu

'Yar uwa, ki dubi gidanki. Ranar girki an san mai ita. Ɗan da kika haifa an san mai shi. Ɗakinki da kayan ɗakinki babu gardama a kansu. To amma tsohuwar surukarku da ba ta iya tashi ɗibar ruwan alwala fa? Rijiyar tsakar gida da aka bari a buɗe fa? Shanyar masarar da ke kan tabarma hadari ya haɗo fa? Waɗannan su ne ƙwallon tsakiya, kuma a nan ne gidaje da yawa suke yin asara.

Mu a Birnin Gwari wannan magana ta wuce ta shanya. Kin san abin da dajin nan na Kamuku ya zame mana na tsawon shekaru. Kin san yadda hanyarmu zuwa Kaduna ta Udawa da Buruku ta zama sai da addu'a da rakiya. Ba mu manta harin Gwaska na watan Mayun 2018 ba, wanda aka rasa gomman rayuka. A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo aka yi zaman sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe. Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Amma sulhu ba ya dawo da wanda aka binne. Gidajen cikin gari da yawa sun karɓi matan da suka yi takaba da 'ya'yan da suka rasa iyaye, kuma maraya a gidan mata biyu shi ne ƙwallon tsakiya mafi nauyi.

Akwai wani gida da na sani, ba zan faɗi unguwa ba. An kashe ƙanen maigidan a hanyar gona, ya bar yara uku. Bayan uwarsu ta fita takaba ta koma gidan iyayenta da na goye, maigida ya kwaso biyun ya kawo wa matansa ya ce, "Ga 'ya'yanku nan." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wata damina ƙaramin ya kamu da zazzaɓi. Uwargida ta ga yaron kwance, ta ce a ranta ai a ɗakin amarya yake kwana, ta san halin da yake ciki. Amarya ita ma ta gan shi, ta ce ai girkin Yaya ne, ita za ta gaya wa maigida ya kawo magani. Kwana biyu aka yi a haka. Wata tsohuwa maƙwabciya ce ta shigo aron rariya, ta taɓa jikin yaron, ta duba idonsa ta ga ya yi fari fat, ta sa salati. Sai da aka yi masa ƙarin jini a asibiti. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya tashi.

Na san matan nan biyu. Wallahi babu muguwa a cikinsu. Da ɗan cikin ɗayarsu ne, ko ɗan kishiyar ne ma, da tuni an san mai shi an tashi tsaye. Abin da ya kusa kashe yaron nan shi ne kowace ta ɗauka ɗayar ta gani. Bayan an sallamo shi kuma sai aka shiga wani sabon babi, wata guda cur ana "ke ce", "a'a ke ce", yaron na zaune a gefe yana jin ana jifan juna da sunansa.

To Laifin Wace Ce?

Wata za ta ce a duba rabo kawai, wadda abin ya faɗo a ɓangarenta ita ce mai laifi. Wannan magana tana da ƙarfi, domin rabon aiki shi ne adalci, shi ya sa aka raba kwana aka raba girki. Sai dai babu rabon da ke cinye komai. Duk yadda kuka zauna kuka tsara, gobe wani abu zai zo wanda ba ya cikin lissafi. Ranar da aka raba kwana a gidan can, babu wanda ya san za a kawo marayu.

Ni a nawa ganin, abin da ya faɗo tsakiya yana wuyan duk wadda ta gan shi kuma hannunta zai iya kaiwa. In kin gani, ɗayan biyu ne ya rage miki: ko ki ɗauka, ko ki buɗe baki ki tabbatar 'yar uwarki ta ɗauka. Shiru da zato ba ya cikin zaɓin. Matan tanis ɗin nan haka suke yi. Ƙwallo na tasowa sama za ki ji ɗaya ta ɗaga murya, tawa ce, ko kuma taki ce. Kafin a fara bugu ma, wadda ke gaba kusa da raga takan sa hannu a bayanta ta yi wa ta baya alama da yatsu, ko za ta tsaya a wurinta ko za ta tsallaka ɗaya gefen. In ta tsallaka, ta bayan ba ta tsayawa tambayar dalili, da gudu take zuwa ta toshe gurbin da aka bari. Da amarya ta leƙa madafa ta ce, "Yaya, kin ga jikin yaron nan kuwa?" da magana ta ƙare tun ranar farko.

Kada mu manta da maigida. Wanda ya ce "ga 'ya'yanku nan" ya juya ya fita, shi ya fara ajiye ƙwallon a tsakiya. Hakkinsa ne ya ce wane yana hannun wance, kuma ya riƙa tambaya kullum. In bai yi ba, ki tuna masa cikin ladabi, domin hakan ba rashin kunya ba ne.

Sai rabi na biyu na tambayar: an riga an yi kuskure, yanzu me ya rage? A tanis daƙiƙa 25 kacal ake ba su tsakanin maki da maki. Wadda ta ɓata daƙiƙun nan wajen harara da tsaki, ƙwallo ta gaba ma za ta wuce su, domin hannun da aka tsorata rawa yake yi. Ba sai mun je Landan ba ma. Ke da kika taɓa yin surfe ko daka da wata a turmi ɗaya, kin san idan taɓaryarta ta sauka taki na sama. In ta kuskure ta bugi bakin turmi hatsi ya fantsale, tsayawa kike yi ki yi mata wa'azi alhali almuru ta kawo kai? Gyara tsayuwa kuke yi ku ci gaba da lugude, a tsince na ƙasa daga baya. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wadda ta tafa wa 'yar uwarta bayan kuskure ta san cewa anjima kaɗan ita ce za ta buga raga.

Kada A Mayar Da Ni Jaka

Na san abin da ke ranki, domin ni ma na taɓa faɗarsa. Za ki ce, "Hajiya, in na ce duk abin da na gani nawa ne, ai na zama jakar gida. Ita tana kwance tana danna waya, ni ina bauta." Gaskiyarki, kuma ba zan ce miki ki yi ta haƙuri kawai ba.

Akwai bambanci tsakanin wadda ta kai hannu ta kasa da wadda ta noƙe da gangan. Mai tsohon ciki, ko mai jego, ko wadda aka kashe mata ɗan'uwa hankalinta bai dawo ba, taɓaryarta za ta yi nauyi, kuma rage saurinki domin ta shi ne mutunci. A filin tanis abokan karawa da zarar sun gane wadda ta gaji, kanta suke tura kowace ƙwallo, sai abokiyarta ta matso ta rage mata fili. Amma wadda ta mayar da noƙewa sana'a, dole a gaya mata. Abin lura shi ne lokacin faɗa da wurin faɗa. 'Yan wasan nan suna da lokacin zama a kujera idan za a sauya gefe, daƙiƙa 90, kuma suna da bayan an tashi. A nan ake faɗa wa juna gaskiya. Ko a tsakiyar fili in za su yi magana sai sun kare baki, don kada na waje su karanci leɓensu. Mu kuwa sau nawa muke yin namu a gaban yara, ko a gidan suna, ko ta katanga maƙwabta na saurare? Ki ɗauki yaron ki kai shi asibiti tukuna. In ya samu sauƙi, ki shiga ɗakinta ki rufe ƙofa ki ce, "Wance, abin da ya faru bai yi min daɗi ba, zo mu tsara yadda ba zai sake faruwa ba."

Kishi Da Safe, Haɗin Kai Da Yamma

Wata kuma za ta ce ai su 'yan wasa ba kishiyoyi ba ne, ba abu ɗaya suke nema ba. To saurari labarin Venus da Serena Williams, ya da ƙanwa 'yan Amurka. Sau 31 suka kara da juna a wasan ɗaya da ɗaya, ƙanwar Serena ta ci 19, yayar ta ci 12. Kofi ɗaya suke nema, kuma in wannan ta samu waccan ta rasa. A gasar Wimbledon ta 2008 su biyun suka haɗu a wasan ƙarshe, Venus ta doke ƙanwarta. A wannan ranar dai, bayan 'yan sa'o'i, suka dawo fili a gefe ɗaya suka ci kofin bibbiyu, 6-2 da 6-2. A 2009 abin ya juya, Serena ta doke yayarta, suka sake haɗuwa suka ɗauki na bibbiyun. Daga 1999 zuwa 2016 sau 14 suka kai wasan ƙarshe na bibbiyu a manyan gasannin nan huɗu, kuma duka 14 ɗin sun ci. Ga lambar zinare ta Olamfik sau uku, a 2000 da 2008 da 2012.

Kina jin wadda aka doke da rana ba ta ji zafi ba? Ta ji mana, mutum ce. Amma ba ta shigo da zafin nan filin yamma ba. Ban ce ki cire kishi daga zuciyarki ba, wannan ba a hannunki yake ba. Abin da ke hannunki shi ne ki san inda kishin zai tsaya. Kada ya kai kan kwanon tsohuwa, kada ya kai kan jikin maraya.

Idan Zaman Ya Ƙi Fa?

Ba kowace tarayya ce ke ɗorewa ba, musamman ta sana'a da adashi da ƙawance. A nan ma akwai abin koyi. Sania Mirza Musulma ce daga birnin Haidarabad na Indiya. A watan Maris na 2015 ta haɗu da Martina Hingis ta ƙasar Siwizalan, kuma a watan Afrilu ta zama ta ɗaya a duniya a wasan bibbiyu, mace ta farko daga Indiya da ta kai wannan matsayi. A wasan ƙarshe na Wimbledon na shekarar an ja musu 5-2 a zagayen ƙarshe, saura ƙiris a gama da su, amma suka farfaɗo suka ci 7-5. Suka ƙara da kofin Amurka na 2015 da na Ostireliya na 2016. Wasa 41 suka ci a jere ba a doke su ba.

Daga nan nasara ta fara ja da baya. A watan Agustan 2016 suka sanar cewa kowace za ta nemi wata abokiyar wasa. Cikin watan nan suka haɗu a wasan ƙarshe a birnin Cincinnati, kowace da sabuwar abokiyarta, Sania ta yi nasara. Amma da watan Oktoba ya zo, lokacin gasar ƙarshen shekara a Singafo wadda tun suna tare suka samu gurbinta, sai suka dawo suka buga ta tare. Sun rabu, amma sun bar ƙofar da za su iya sake tsayawa gefe ɗaya.

Ki gwada wannan da yadda tarayyarmu ke mutuwa. Mata biyu su haɗa jari suna sarin masara da kaka, ko suna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, shekara uku lafiya lau. Ranar da aka yi asara sau ɗaya, shi ke nan, an daina gaisawa, an hana yara shiga gidan juna, sirrin da aka faɗa wa juna a ɗaki ya fito kasuwa. In zaman ya ƙi, ku zauna ku yi lissafi a gaban shaidu, kowace ta ɗauki nata, ku yafi juna. Garin nan ƙarami ne, gobe a gidan biki ko gidan rasuwa za ku haɗu a kan tukunya ɗaya.

Abin Da Nake Roƙonki

Yau in kin idar da sallar isha'i, ki zauna ki lissafa abubuwan da ke tsakiya a gidanku, waɗanda ba a taɓa cewa na wance ba ne. Wa ke duba ko tsohuwa ta sha maganinta? Wa ke tambayar yaron nan ko ya ci ya ƙoshi, ko ya je Islamiyya? Wa ke leƙa maƙwabciyar da ta fita takaba ba ta da mai kawo mata cefane? Gobe da safe ki samu abokiyar zamanki, ko facalarki, ko maƙwabciyarki, ku sa wa kowane abu suna. Wanda kuma ya zo ba zato, kada ki tsaya jiran ganin ko za ta motsa, ki ce nawa ne, ki ɗauka, a yi lissafi daga baya.

Matan gidan can da na ba ki labari sun shirya daga baya. Yanzu babban yaron yana hannun uwargida, ƙaramin yana hannun amarya, kuma duk wadda ta ga wani abu a jikin na ɗayar takan faɗa nan take. Har yanzu sukan saɓa, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ƙaramin ya shiga aji uku bana.

Allah Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya raya mana marayunmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ta faɗo tsakaninmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum.